Jif ta hannu ta kunno wuta ko ta fara ƙara: abin da wayarka za ta gaya maka kafin ka je gareji

Yau ba maganar sikirin ko filashin za mu yi ba, mota za mu shiga. Na san wani zai ce me ya haɗa mai gyaran waya da jif. Abin da ya haɗa mu shi ne motar yanzu rabinta kwamfuta ce. Tana da ƙwaƙwalwa, wadda makanikai ke kira birenbos, tana da sensa-sensa, tana da soket da wayoyi, kuma idan wani abu ya same ta takan rubuta shi ta ajiye. Wanda bai san yadda ake karanta abin da ta ajiye ba, shi ake sa wa ya sayi kayan da lafiyarsu lau.

Kuma a nan Katsina maganar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Wanda ya sayi mota mai jan ƙafa huɗu, galibi ba don zagayen Kofar Kaura zuwa Kofar Soro ya saye ta ba. Ƙauye yake shiga, ko gona, ko kasuwanni. Kowa ya san akwai hanyoyin da ba ka so mota ta mace maka a kansu bayan la'asar, musamman ɓangaren Jibia, Batsari da Safana. Wutar da ka raina da safe a cikin gari, ita ce za ta iya tsayar da kai a inda babu ko sabis ɗin waya.

Bari mu fara da fitilun dashbod. Abu na farko, kafin ka tayar da injin, murɗa makulli zuwa ON ka tsaya. Idan mai dannawa ce, danna sau biyu ba tare da ka taka birki ba. Duk fitilun gargaɗi za su kama lokaci ɗaya: ta injin, ta baƙin mai, ta batir, ta ABS, ta jakar iska. Motar ce ke gwada su. Ɗauki hoto da wayarka a daidai wannan lokacin. Idan ka duba hoton ka ga babu wutar nan mai siffar injin, wadda muke kira cek, kada ka yi murna. Ba lafiya ce ta hana ta kamawa ba, cire ƙwan aka yi ko aka liƙe shi da baƙin tef ta ciki. Mu ma a sana'armu mun san irin wannan, a rufe alamar ruwa a waya a sayar da ita a matsayin wadda ba ta taɓa jiƙa ba.

Launi shi ne farkon abin dubawa. Kore da shuɗi sanarwa ce kawai. Ruwan ɗorawa na nufin akwai matsala, ka duba da wuri, amma za ka iya kai kanka gida. Ja kuwa ba a yi mata gardama.

A cikin jajayen, wadda ta fi kashe injin ita ce mai siffar butar mai. Mutane da yawa sun ɗauka tana nufin baƙin mai ya ragu, a ƙara idan an isa gida. A'a. Tana nufin man ba ya zagayawa da ƙarfin da ya kamata, wato ƙarfe na gogar ƙarfe a cikin injin yanzu haka. Idan ta kama kana tafiya, ka sauka gefe ka kashe nan take. Zaro sandar awo ka duba. In man ya yi ƙasa, ƙara. In man na nan cike amma wutar ta ƙi mutuwa, kada ka sake tayarwa, a jawo motar. Kuɗin ja bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin injin ba.

Ta zafi ma haka. A watan Afrilu da zafin Katsina ke haura digiri 40, ga AC, ga kaya, ga yashi, allura na iya hawa. Tsaya, kuma kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan zai yi maka wanka ne. Wutar batir kuma ba batir take zargi ba, cewa take altaneta ya daina caji. Idan ta kama tare da sitiyari ya yi tauri, mai yiwuwa fanbel ne ya tsinke, kuma a injina da yawa bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, don haka zafi na biye.

Tun da mun zo batir, ga abin da kowane mai gyaran waya zai iya yi da mitar da ke kan teburinsa. Mota a kashe, batir mai lafiya zai nuna kusan 12.6. Injin na aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Na sha ganin mota ta kunno ABS da wasu fitilu barkatai, ashe kan batir ne ya yi farin gishiri ko ya saki. Wuta in ta yi ƙasa, kwamfuta kan yi sambatu, kamar dai wayar da batirinta ya kumbura take kashe kanta tana kunnawa.

Akwai fitilun da ke tsorata mutane a banza. MAINT REQD da ke fitowa a Toyota 'yan Amurka tunatarwa ce ta juyen mai duk bayan mil 5,000, ba lalacewa ba ce. Mai siffar taya da alamar motsin rai a tsakiya iska take magana a kai. In ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya, sensar cikin tayar ce ta mutu ko mai faci ya karya ta. Akwai kuma waɗanda ake rainawa bai kamata ba. A Hilux da Land Cruiser masu shan gas, T-BELT na nufin lokacin canza bel ɗin taimin ya yi, kuma in ya tsinke a hanya injin ne ke tafiya. Wutar filtar gas kuma na nufin ruwa ya taru a ƙasan filta, a tsiyaye shi kafin ya kai ga nozul. Wanda ke sayen mai a jarka a bakin hanya ya riƙe wannan.

To yanzu cek, uwar rigima. Ita wutar nan ba ta faɗin komai da kanta, ɗaruruwan matsaloli ne ke kunna ta, tun daga murfin tanki da bai rufu da kyau ba har zuwa abin da zai ci injin. Bambanci ɗaya da za ka gani da ido: in tana tsaye, akwai lokaci. In tana ƙiftawa, wani silinda ba ya ƙona mai, ɗanyen fetur na zuba a salansa yana dafa katalis ɗin da makanikai ke kira indomi. Rage gudu, nemi wurin tsayawa.

Yadda za ka ji abin da take nufi shi ne ta wata 'yar kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba. Sunanta OBD2. Amurka ta wajabta ta a motocin da ake sayarwa can tun daga 1996, Turai kuma ta biyo baya, masu fetur daga 2001, masu gas bayan 'yan shekaru. Tun da yawancin jif-jif ɗin da ke yawo a garin nan daga can suka fito, ko ta Legas ko ta Kwatano, kusan duk suna da ita. Abin da ake soka mata ɗan ƙaramin abu ne kamar kan caja, ana ce mashi ELM327, kuma kuɗinsa bai kai na sikirin ɗin waya mai kyau ba.

Ka soka shi, ka murɗa makulli zuwa ON, ka buɗe Bluetooth a wayarka ka haɗa. Lambar sirrin galibi 1234 ce ko 0000. Sai ka sauke manhaja daga Play Store, irin su Torque ko Car Scanner. Kada ka yi amfani da faifan da ke zuwa cikin kwalin, kuma kada ka karɓi manhajar da aka turo maka ta WhatsApp wai an fasa ta. Masu iPhone ku lura, mai tsohon Bluetooth ba ya haɗuwa da wayarku, ku nemi mai Wi-Fi ko wanda aka rubuta yana aiki da iPhone. Masu arhar nan duk kwaikwayo ne, wani ya yi aiki wani ya ƙi, don haka ka gwada a mota kafin ka biya. In ka gama ka zare shi, domin kafar nan akwai wuta a cikinta ko mota na kashe, zai iya tsotse batir in motar ta kwana biyu a ajiye.

Abin da zai fito maka harafi ne da lamba huɗu. P na injin da giya ne, C na ƙafa da birki, B na jikin mota, U na sadarwa tsakanin kwamfutocin. P0300 injin na fashi a silinda daban-daban. P0301 zuwa sama, lambar ƙarshe ita ce silindar da ke fashin. P0171 iska ta fi mai yawa, wanda a nan sau da yawa ƙurar hunturu ce ta rufe sensar iska, ko tiyo ya tsage. P0420 katalis ba ya aiki, ko ma an farke an kwashe shi an sayar tun kafin motar ta iso hannunka. P0128 injin ba ya kai zafin da ya dace, kuma in ka bincika za ka tarar an cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi.

Amma ka riƙe wannan da kyau, lamba ba hukunci ba ce. Tana nuna maka unguwa ne, ba ta nuna gida ba. Bari in ba ka misali da motar kawuna.

Bara ya sayi RAV4 ƙirar 2008 'yar Amurka, don yana harkar hatsi, kullum yana hanyar Mashi da Mai'adua. Bai yi sati biyu da ita ba sai ga wuta uku lokaci ɗaya: cek, VSC da 4WD. Ya kai wani gareji, aka leƙa dashbod kawai aka ce mashi ai fowil ɗin ne ya tafi, sai an sauke an sa wani, wataƙila har da birenbos. Kuɗin da aka yanka mashi ya kusa kuɗin buhunan da zai sayo a wata. Da yamma ya biyo shagona yana cajin waya, ransa a ɓace.

Na ce, "Kawu, a ba ni makullin minti biyar."

Ya ce, "Kai ɗan nan, mota ce fa, ba Tecno ba."

Na ce, "Allah ya ja da rai, in ban gane ba ai ba abin da ya ragu."

Na soka, lamba ɗaya ce tak, P0302. Silinda ta biyu na fashi. Ga abin da da yawa ba su sani ba: a wannan RAV4 ɗin, da Highlander da wasu Toyota na lokacin, idan kwamfutar injin ta ga matsala sai ta kashe VSC da jan ƙafar baya don kariya, ta kunna fitilunsu. Wato wuta biyun nan rakiya suka yi, ba su da ciwo. Saura a gano ko kwayil ne, ko fulogi, ko nozul. Nan na yi abin da muke yi in muna shakkar sikirin ne ko bod: musanya. Na ɗauki hoton lambar, muka cire kwayil na biyu muka sa a na uku, na uku ya koma na biyu, na goge, Kawu ya zagaya ta Ring Road ya dawo. Lamba ta koma P0303. Ciwon ya bi kwayil ɗin. Kwayil ɗaya muka saya, fitilu ukun suka mutu tare. Da ciwon ya tsaya a ta biyu, da sai mu koma kan fulogi da nozul.

Ba ina cewa duk bakanike macuci ba ne. Akwai waɗanda kunnensu kaɗai ya fi na'urata, kuma ni har gobe ban iya sauke giyabos ba. Amma wanda ya yanke maka hukunci daga kallon dashbod bai auna komai ba, daidai yake da wanda aka kawo mashi waya ba ta caji ya ce a sayi batir, alhali audugar aljihu ce ta toshe ramin.

Maganar gogewa kuma, maɓallin nan na share lamba yana da daɗin dannawa, amma ba gyara ba ne. Kafin ka goge, ka ɗauki hoton lambar da bayanan da motar ta ajiye tare da ita, wato gudun da ake yi da zafin injin lokacin da abin ya faru. Wannan bakanike na ƙwarai zai so ya gani.

Kuma nan ne wayarka ta fi amfani idan saye za ka yi. Mai sayarwa na iya goge lamba da safe kafin ka zo, dashbod ya yi fes. Abin da bai iya ɓoyewa shi ne motar na ƙirga kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe, kuma gwaje-gwajen da take yi wa kanta, na katalis da sensar salansa da sauransu, duk suna komawa "ba a gama ba" sai an yi 'yan kwanaki ana tafiya. Duka biyun suna cikin manhajar. Na raka wani abokina duba wata Highlander, dashbod tsaf, amma wayata ta nuna kilomita 4 kacal tun gogewa. Da na tambaya sai aka ce batir aka canza. Zai iya zama gaskiya, cire batir na yin haka a motoci da yawa. Muka ce to a bar mu mu je Batagarawa mu dawo sau biyu mu sake sokawa. Nan magana ta canza, mu ma muka canza hanya.

Duba ruwa ma aikinmu ne. Duk shekarar da aka yi babbar ambaliya a Amurka, kamar guguwar Katrina ta 2005 ko Harvey ta 2017, motocin da suka nutse kan bi gwanjo su watsu duniya. Ɗaga kafet, shinshina, zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai layin laka. Zare soket ɗaya a ƙarƙashin kujera ka haska da tocilar waya. Koren tsatsar nan da muke gani a bod ɗin wayar da ta faɗa rijiya, in ka gan ta a nan, bar motar ko nawa aka rage. Motar ruwa ba ta warkewa, yau wannan wuta gobe waccan. Lambar jikin motar mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ka sa ta a Google, sau da yawa hotunan gwanjonta kan fito.

Iyakar ɗan abin nan kuma ka san ta. Galibi injin kawai yake karantawa. Lambobin ABS, jakar iska da na fowil kansa galibi sai babbar na'ura irin ta masu wayarin. Wasu Hilux da Land Cruiser da aka ƙera don Afirka da ƙasashen Larabawa ba sa amsa mashi ko da kafar na nan. Tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ kuwa ba ta ma da abin da za ta gaya maka, famfon gas ɗinta na ƙarfe ne zalla. Irin waɗannan sai kunne.

To mu zo kunnen. Tambaya ta farko da za ka yi wa kowace ƙara: injin take bi ko taya? Tsaya wuri ɗaya, sa giya a N, taka totur a hankali. In ƙarar ta tashi tare da injin, tana gaba: bel, fulai, altaneta, ko cikin injin. In ba ta fito sai motar na tafiya, tana ƙasa: taya, boris, shaf, furofela ko aksil. Wannan gwajin kaɗai ya raba maka aikin biyu.

Na injin ba su da wuyar ganewa. Ƙiii da safe da ke ɓacewa bayan ɗan lokaci, fanbel ne ya saki ko ya tsufa. Karrr na daƙiƙa biyu da farkon tayarwa, sarƙar taimin ko abin da ke ɗaure ta ya fara gajiya. Ƙyas-ƙyas kamar tsakuwa a gwangwani idan kana hawa tudu, galibi fetur ne marar kyau. Amma ƙwan-ƙwan mai nauyi daga ƙasan injin da ke ƙaruwa da totur, wannan shi ne nokin, kashe kawai.

Na ƙasa su ne ke ruɗa mutane a jif, domin kayan sun ninka na ƙaramar mota. Nemi fili, karya sitiyari har ƙarshe, ja a hankali kana zagaye. Ƙas-ƙas-ƙas a jere, kan shaf ne na gaba. Leƙa za ka ga robarsa ta yage, giris ya fantsama, yashi ya shiga. Guuu da ke ƙaruwa da gudu kamar jirgi na tashi, boris ne ko taya. A hanya marar cunkoso ka ɗan karkata hagu da dama. In ƙarar ta ƙaru da ka yi hagu, nauyi ya koma dama, don haka galibi boris ɗin dama ne. In kuma kuka ce siririya da ke zuwa idan ka taka totur ta ɗauke idan ka saki, wannan aksil ne, a fara duba man cikinsa, don akwai motocin da tun da suka sauka daga jirgin ruwa ba a taɓa buɗe wurin ba. Ƙwal guda ɗaya idan ka sauya daga D zuwa R, kuros ɗin furofela ne. Gwaf-gwaf a gargada kuma bushin ne, ko linkej, ko shokazoba.

Akwai ƙarar da direba ke jawowa da hannunsa. Hilux da Land Cruiser ta 70 ƙafar baya ke jansu, sai ka sa 4H ko 4L sannan gaba ta kama, kuma in ta kama, gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya daidai. A yashi ko laka ba komai, taya na zamewa. A kwalta kuwa, da ka sha kwana za ka ji motar na turjewa, taya na kuka, sitiyari ya yi nauyi. Ba lalacewa ba ce tukuna, amma in ka ci gaba za ta zama. Da ka hau kwalta ka koma 2H. Ita 4L sai an tsaya cak an sa N ake shigarta. Prado da manyan Land Cruiser su kullum a ƙafa huɗu suke, amma suna da maɓallin kulle tsakiya, shi ma in aka manta shi a kunne haka za ta yi.

In wutar 4WD na ƙiftawa ba ta tsaya ba, giyar ba ta gama shiga ko fita ba. Miƙe sitiyari, ɗan ja gaba ka saki totur, ko ka ɗan yi baya. In ta ƙi, yawanci ɗan moton da ke tura giyar ne ya cije saboda rashin aiki. Shi ya sa littafin Toyota na irin waɗannan motocin ke cewa a riƙa tafiya a fowil aƙalla kilomita 16 duk wata. Mu kuwa sai a shekara ba a taɓa shi ba, ranar da damina ta cinye hanyar gona a danna a ji shiru.

Abu biyu ka durƙusa ka duba da idonka. Na farko, furofelar baya tana nan? A RAV4, CR-V da Highlander an saba cire ta, wani wai don rage shan mai tun da aka janye tallafi a 2023, wani kuma don ɓoye kukan aksil. Ka biya kuɗin ƙafa huɗu a ba ka biyu. Na biyu, tayoyi. Karanta lambar jikin kowace, misali 225/65 R17, dole huɗun su zama iri ɗaya, cinsu ma ya yi kusa. Motar Kawu da muka gama da kwayil ya ce akwai wani gurnani a baya. Da muka duba, taya ɗaya 225/70 ce a cikin 'yan 65. Taya mai tsawo ba ta juyawa daidai da sauran, kwamfuta na ganin kamar wata ƙafa na zamewa, kayan jan baya suna ta aiki ba hutu har su ɗau zafi. Ya canza ta, gurnanin ya ragu ƙwarai, ragowar kuma boris ne aka canza daga baya. Kusa da rubutun DOT akwai lamba huɗu, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na da kyau, zafin kwaltar Kano zuwa Katsina ba ya raga mata.

Ƙara tana da halin nan na ɓacewa da zarar an isa gaban bakanike. Maganin wannan na aljihunka. Ɗauki bidiyo, ba murya kaɗai ba, kuma wani ya riƙe wayar, ba kai mai tuƙi ba. A kashe rediyo da AC, a rufe gilashi, a nuna allurar gudu a cikin bidiyon, mai ɗauka ya riƙa faɗin abin da ake yi: yanzu ya taka, yanzu ya saki, yanzu mun karkata dama. A ɗauka daga kujerar gaba, a sake daga ta baya, a ajiye wayar a ƙasa kusa da kowace ƙafa. Wurin da ta fi ƙarfi a nan za a fara nema. In injin ne, ka buɗe bonet ka ɗauka da safe kafin ya yi zafi, amma ka yi nesa da fanka da bel, musamman in babbar riga ce a jikinka. Kuma in za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, don turawar da aka saba tana matse shi har siririyar kukan ta ɓace.

Wanda ke da wata wuta ko ƙara da ta dame shi, ya ajiye a ƙasan rubutun nan, amma da sunan motar, shekararta, fetur ce ko gas, da lambar da na'ura ta nuna in akwai. "Motata na ƙara" kawai ba zan iya cewa komai a kai ba. Masu tambayar yadda ake saita Car Scanner ya nuna zafin ruwa da ƙarfin caji a fuskar waya ana cikin tafiya, in sha Allahu shi ne rubutu na gaba, da hotuna.